Takardar da Na Ɓoye a Rumbun Dawa

Zuru, Laraba da hantsi

Zuwa ga angona,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda ta same ka zaune lafiya a cikin mota, ba a matse ka tsakanin buhun dawa da kejin kaji ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya hana direba gyangyaɗi da gudun banza, ya kai ka Abuja lafiya, ya ɗaga jirgin nan ya sauke shi inda aka nufa. Amin.

Na ce wa uwarka Saratu ta ba ka ambulan ɗin nan a tasha, ta ja maka kunne kada ka buɗe sai kun wuce Rijau. In ka buɗe tun a Zuru, to gado ka yi, kakanka ma bai taɓa iya jiran miya ta nuna ba. Dalilina kuwa, daga Rijau ba za ka iya sauka ka dawo ka kalli idona ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. A ajin zumuntar mata na koye shi, ina goye da ubanka. Kai malamin makaranta ne, na sani, amma kada ka kuskura ka zaro mini jan biro. Sunanka kuma ba za ka gan shi a nan ba. Sunan kakanka aka sa maka, ban kira shi yana raye ba, ba kuma zan fara don ɗan gemun da ka tsiro ba.

To ango, ashe haka ake yi? Wata goma za ka bar amarya, ba ko ƙullin goro, ka tafi koya wa 'ya'yan Turawa Hausa. Wai musayar malamai: ka kai musu namu, ka ɗebo nasu, ka dawo wa ɗalibanka da shi. Ranar da ka dawo daga ofishin jakadanci da bizar nan a fasfonka, ka ba mu labarin layin da kuka bi, da yatsun da aka dangwala muku, da Baturiyar da ke bayan gilashi ta tambaye ka abin da zai dawo da kai gida. Ka ce ka gaya mata kana da aji biyu masu jiranka, da wata tsohuwa mai rigima. Duk tsakar gida aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙara. Daga nan na shiga ɗaki, ban fito ba sai da aka sauke tuwo. Ba wanda ya lura, ni ma ban so a lura ba.

Ba labarin gari zan ba ka ba, da shi ka tashi. Laifuffukana zan ba ka guzuri, tun da su ne abin da na tara da yawa. Zan fara da ƙanana, kamar yadda ake yanke gero kafin a kai ga dawa.

Farkon zuwana bariki wurin kakanka, maƙwabciyata matar wani saje ce daga kudu. Kwana biyu da saukata ta kawo mini kwano a rufe. Na buɗe na ga miya da dodon koɗi a ciki. Na yi godiya har da durƙusawa, tana juya baya na zagaya na zubar wa kaji. Ashe 'yarta tana kan katanga tana kallo. Matar nan ba ta taɓa ce mini komai ba. Da na haifi gwaggonka, ita ta riƙa tafasa mini ruwan wanka har na yi arba'in, duk ranar da ta shigo kuwa sai miyar nan ta tsaya mini a maƙogwaro, alhali ban ci ba. An ce a gidan wasu mutane za a sauke ka, ku riƙa ci a tebur ɗaya. Abin da suka ajiye maka, ɗanɗana. In ba za ka iya ba, faɗi da bakinka cikin ladabi. Mutum yakan yafe wa wanda ya ce ba ya ci, amma wanda ya yi godiya ya zubar, ko an yafe masa shi ba ya mantawa.

Na biyu ya fi wannan nauyi. A barikin nan matan wasu sojoji sukan kwaikwayi yadda nake magana, in na ce abu da Hausa su maimaita da muryata su fashe da dariya. Sai na ji kunyar harshen uwata. Na daina yi wa 'ya'yana C'lela, na ce su yi Hausa tsantsa kada a gane daga kan dutse muka sauko. Shi ya sa ubanka ya girma yana ji ba ya mayarwa, kai kuma sai gaisuwa da zagi biyu da ka sata a bakina. Yanzu ga shi an ɗauke ka ka je ka nuna al'ada, ni na rage maka kayan da za ka ɗauka. Ɗan abin da ya rage a hannunka kada ka ɓoye shi. In sun tambaye ka, ka ce Hausar nan da kake koya musu taka ce, amma a bayanta akwai wani harshe. Ka gaya musu a garinku saurayi yakan yi shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, golmo ke nan, kuma kakanka ya yi saboda ni. In sun ce na yi tsada, ka ce ba su gan ni a lokacin ba ne.

Yanzu gyara zama. Mun zo kan dawa.

Ka tuna Asabar ɗin da ta wuce, da fasfonka ya ɓace. Aka zazzage akwatuna, aka ɗaga katifu, uwarka ta tone sharar da ta zubar da safe tana kuka tana cewa ita ta kwashe shi. Kai ka yi wa ƙanwarka tsawar da ba ka taɓa yi mata ba, daga baya ka koma gindin mangwaro ka zauna ka riƙe kai. Ni kuma ina kan kujerata ina cewa a duba da kyau, abu ba ya ƙafa.

Ni na ɗauka. Kana wanka na shiga ɗakinka na zare shi daga jaka, na sa a zanina. Ba mantuwar tsufa ba ce, kada ka nema mini wannan uzurin. Da hankalina na yi. Na lissafa cewa in jirgi ya tashi ba kai, shi ke nan, za ka yi fushi na wata guda ka huce, ni kuma in ci gaba da jin ƙarar babur ɗinka kowace yamma. Shekaruna sun kai inda wata goma ba ƙaramin abu ba ne, ango. Tsoro na ji.

Kuma ba wannan ne karon farko da na ɓoye wa mai sunan nan takardar tafiya ba.

Ina da cikin ubanka, wata shida, ina zaune wurin uwar mijina a ƙauye, kakanka ya zo hutu daga bariki. Lokacin yana da igiya biyu ta muƙami a hannun kakinsa, ana maganar ƙara masa ta uku. Soja ba ya barin bariki sai da fas, wata 'yar takarda mai hatimi, an rubuta ranar fita da ranar komawa, a jikinta kuma aka maƙala takardar shiga jirgin ƙasa. Nasa na kwana goma sha huɗu ne. A rukuninsu kuma bi da bi ake bayarwa, sai wanda ya tafi ya dawo na bayansa ya samu. Na bayan kakanka shi ne amininsa Bawa, mutumin Dirin Daji, wanda ka sani, makahon tsohon nan da kake kai wa shinkafa duk Kirsimeti. Lokacin uwar Bawa tana kwance ba lafiya. Kakanka ya ɓata yini biyu cikin hutunsa ya je ya gaishe ta, ta ba shi saƙo cewa a gaya wa ɗanta ya yi sauri.

Duk na san wannan. Amma an gama girbi, saura kwana huɗu bayan ƙarewar fas ɗin a yi bikin Uhola, babban bikinmu na shekara. 'Yan matan da muka tashi tare sun sha yi mini gorin cewa na auri kaki ba mutum ba, wai mijin da ba a gani. Ni kuma so nake a gan ni a filin kokawa tsaye kusa da shi, ga cikina ga igiyoyinsa. Na roƙe shi ya ƙara kwana huɗu, ya ce soja ba ya ƙara ko rabin yini. Sai na zare fas ɗin daga aljihun kakinsa, na naɗe a tsumma, na hau rumbuna na tura shi cikin dawa har gwiwar hannu. A raina wasa ne. Na ce in an gama biki sai in tsinto shi, a yi dariya, ya tafi.

Ba a yi dariya ba. Yini biyu yana nema, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, har tokar murhu ya tona. Kullum ina cewa yau zan fito da shi, kullum in ga idonsa in fasa. Tun ina jiran biki har na koma tsoron ranar da za a gane. Uhola ya zo, ko leƙa filin bai yi ba, ni ma ban je ba. A kwana na biyar da ƙarewar fas ɗin ya hau motar kaya ya tafi hannu wofi. Ba a bari ya kai bariki da ƙafarsa ba, a tasha 'yan sandan soja suka tare shi, ba takarda, ga kwana ya wuce. Ya kwana ashirin da ɗaya a gadirum. Aka cire masa igiya ɗaya, ta ukun da ake magana kuwa har ya bar aiki bai gan ta ba. Babbansu kuma ya ce tun da an fara wasa da fas, an rufe shi ga kowa wata uku.

Uwar Bawa ta rasu a mako na biyu.

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban ga haka ba. Ni na ja, ko jiƙa ban yi ba. Kakanka ya ce wa kowa shi ya yar da takardar da sakacinsa. Bawa ya yi shekara ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya sauko don kansa. Da na isa bariki da ubanka a goye, Bawan nan shi ya fara zuwa da turmin atamfa, ya ɗauki yaron ya ce ya yi kama da uwarsa mai kirki. Na karɓi atamfar na ɗinka na sa.

Fas ɗin na ciro shi kafin dawar ta ƙare, na adana a ƙasan akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadona. Ban iya ƙona shi ba, ban iya nuna shi ba. Shekara ta bi shekara ina cewa ba wanda ya sani sai ni da Allah. Sai a ciwon ajalin kakanka, wata rana da azahar ina ba shi kunu a baranda, ya ture cokalin ya ce:

"Takardar nan tana nan kuwa?"

Na ce wace takarda.

Ya ce, "Ta rumbu. Inna ta gan ki kina saukowa. Ba ta gaya mini ba sai bayan na fito daga gadirum."

Na ajiye kwanon. Na tambaye shi me ya hana shi magana duk shekarun nan. Ya ce da ya faɗa, da Bawa ya ƙi ni har abada, shi kuwa ya san nasa fushin na shekara ne. Ya ce in ƙara masa kunu, na cika tsami. Iyakar maganar ke nan. Bayan kwana tara aka binne shi.

To ranar Asabar, da na ɗauki fasfonka, ina kake tsammani na kai shi? Hannu ya san hanyarsa. Akwatin nan na buɗe na tura shi ƙasa. Da la'asar, bayan ka zauna a gindin mangwaro, na koma na ɗaga murfin don in tabbata yana nan. Sai na gan su kwance gefe da gefe, tsohuwar takarda da sabuwa, suna ɗaya a kan duka biyun. Na daɗe a durƙushe ina kallonsu. Shekara hamsin da ɗoriya, na yi baftisma, na yi jikoki, na shugabanci zumuntar mata, ashe ina nan a kan rumbu ban sauko ba.

Shi ne na zura fasfon a aljihun kwat ɗinka na fito na ce ko an duba can. Ka ce sau uku ka duba. Na ce idon matasa na ado ne. Ka shiga ka fito da shi, uwarka ta zube tana godiya ga Allah, kai kuwa ka tsaya ka kalle ni. Na san kallon nan, na zauna da shi shekara hamsin ban gane ba. In ka sani ka yi shiru, to Allah ya saka maka, amma ba zan sake barin wani ya ɗauki kayana ba. Na riga na gaya wa uwarka jiya, na roƙi ƙanwarka gafara a madadinka da nawa. Kai ma in ka sauka ka kira ta.

Ga abin da nake so ka riƙe. Ranar da ka karanta mana sharuɗɗan bizar nan, cewa ba neman wani aiki a gefe, in ka canza wurin zama ka sanar, rana kaza ka fito musu daga ƙasa, na ce a raina ashe fas ne, kaya kawai ya sake. Kuma na ji shugaban makarantarku da kunnena, ranar da ya zo yi maka sallama, yana cewa in ka je ka dawo lafiya akwai fatan badi masu musayar su sake ɗaukar wani daga makarantar, Malama Rifkatu ma ta fara haɗa takardunta. To ga Bawanka nan. Kowace takardar tafiya akwai wani tsaye a bayanta yana jiran ta dawo, ko ka san shi ko ba ka san shi ba.

Za ka haɗu da masu ce maka ka zauna. Ba mugaye ba ne, ni ma ba muguwa ba ce. Wani ɗan ƙasarku ne zai ce wauta ce komawa, ga aiki ga wuta ba ta ɗaukewa. Wata ce za ta ce kwana nawa ne, ƙara kaɗan. Masu sonka su ne za su fi iya riƙe ka, maƙiyi ba ya ɓoye wa mutum takarda don ya zauna kusa da shi. Ka ji su, ka gode, ka duba ranar da aka rubuta. In akwai dalili na gaskiya, ka je wurin waɗanda suka kai ka ka faɗa musu tun da sauran lokaci, ta ƙofa. Kada ka ce za ka gyara daga baya. Ni ma daga baya na ce zan tsinto. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Haka kuma kada ka dawo kafin lokaci saboda ni. In aka kira ka aka ce tsohuwa ta kwanta, ko ta wuce, kada ka watsar da ɗaliban mutane ka kamo hanya. Akwai masu haƙa, akwai masu waƙa, ba za a bar ni a waje ba. Ka gama abin da aka kai ka. Na taɓa riƙe wani ya makara, ba zan jawo wani ya yanke ba.

Yanzu duba cikin ambulan ɗin. 'Yar takardar nan mai launin ƙasa da na naɗe a leda, ita ce. Riƙe ta a hankali, ta gaji. Hatimin ya dushe amma ranar komawa tana karantuwa. Sa ta cikin fasfonka, a shafin da bizar take, duk wanda ya ce ka ƙara kwana ka buɗe ka kalle su tare.

Aro na ba ka, ba kyauta ba, don ina da aiki da ita. Bawa bai sani ba har yau. Na san abin da ya dace shi ne in shiga mota gobe in tafi Dirin Daji. Na gwada a raina sau da yawa, ƙafa ta ƙi. Hanyar ba ta da daɗi yanzu, amma kada in yi maka ƙarya, ba hanyar ce ta hana ni ba. Ba zan iya zama gaban mutumin nan ni kaɗai ba. Ina so mai sunan abokinsa ya kasance a gefena, in sa masa takardar a tafin hannu tun da ido ya tafi, in gaya masa wanda ya hana shi ganin uwarsa. Abin da ya ga dama ya yi da ni. In Allah ya ɗauki ɗayanmu kafin ka dawo, ka karanta wa wanda ya rage wannan wasiƙa daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake ko layi.

Na sa ƙanwarka ta zagaye mini ranar dawowarka a kalandar coci da ke bangon ɗakina. Washegarinta ka huta. Rana ta uku ka duba man babur.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka farin jini wurin mutanen da ba su san ubanka ba. Ya tsare bakinka da cikinka da idonka, musamman idon, don amaryarka tana nan ba ta sake ka ba. Ya sa ka ba su abu mai kyau ka karɓo mai kyau. Ya tsare fitarka da shigarka, ya dawo da kai ta ƙofar da ka fita. Amin.

Bawa ya taɓa jiran mai sunanka kwana biyar. Kada ka ƙara masa ko ɗaya.

Ni ce taka,
Kaka